Ƙidayar Tarwaɗa

Da kuɗin sallama na gina kwami a Mabera,
taki huɗu tsawo, uku faɗi, jikin katanga.
Na zuba 'ya'yan tarwaɗa hamsin a tsakiyar bazara.
Inno ta ce, "Tsohon malami ya koma Basarke."
Na ce, "Bari hadari ya haɗo gabas, kya gani."

Ruwan farko ya sauka daren Talata,
ƙasa ta yi ƙamshin sabon tulu.
Kafin asuba shinge ya rufe ƙwan fitila,
ƙadangaru suka ci bikin da ba a gayyace su ba,
jan gwada na gyaɗa kai
kamar shi ke biyan kuɗin wuta.

Sai kwaɗi.
Wa ya kai musu labari?
Wata bakwai ban ji ko tarin ɗayansu ba,
yau ga su sahu-sahu a bakin kwamina,
babba na ja, ƙanana na amsawa,
har ladanin unguwa sai da ya ƙara murya.

Laraba na ƙirga: arba'in da bakwai.
Zalɓe ne. Yana zuwa daga fadamar Rima
ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi.
Na kafa masa tsohuwar rigata a kan sanda,
ya dubi rigar, ya dube ni,
ya ɗauki na arba'in da shida.

A can gefen lambu ma ba a zauna ba.
Tsutsa ta mayar da alayyahu rariya,
ɗango ya yi sansani a kan yakuwa,
gara na yi wa lemun tsami rigar laka,
gafiya kuwa ta fasa hanya ta ƙarƙashin katanga
tun daga gidan Nomau.
Na yi masa magana, ya ce, "Mi kaka so in yi?
Ba ni na haihe ta ba."

Na barbaɗa toka, iska ta kwashe.
Na jiƙa ganyen darbejiya kwana uku,
tsutsa ta sha, ta ƙara ƙiba.
Ran Alhamis haƙurina ya ƙare.
Na hau kabu-kabu zuwa Tsohuwar Kasuwa,
na dawo da kwalba mai hoton ƙoƙon kai.
Inno ta dubi sama, ta ce, "Gari ya haɗe."
Na ce, "Hadarin nan na mutanen Wamakko ne."
Na fesa har hannuna ya gaji.

Ba na Wamakko ba ne.
Cikin dare ya wanke lambun tas,
ya bi gangara, ya shiga inda ruwa ke shiga.

Ban taɓa sanin cikin tarwaɗa fari ne haka ba.

Daren Juma'a ba mai ja, ba mai amsawa.
Na kwanta ina jin agogo,
ina jin sauro yana karanta mini laifina a kunne.
Inno ba ta ce komai ba.
Gara ma da ta ce.

Kwana biyu muna kwarfe ruwa da bokiti.
Da muka sake cikawa, jikata Sa'ade ta fito
riƙe da gwangwanin madara da hannu biyu.
Ashe tun Laraba ta kamfaci talibambam
ta ɓoye ƙarƙashin gadon kakarta,
tana ba su ɓarɓashin tuwo.
Ta tsuguna, ta tuntsurar da su a hankali,
baƙaƙen wasulla masu wutsiya,
suka watse cikin ruwa.

Yanzu ƙidaya ta tsaya a tara.
Alayyahu ya sake toho, tsutsa ma ta dawo.
Da safe nakan bi ganye ɗaya-ɗaya da yatsa
in tsince abin da idona ya iya gani,
sauran na bar wa hawainiya.

Jiya zalɓe ya sauka a kan sandar rigata.
Na ɗaga dutse,
sai na ji wata ƙaramar murya daga bakin kwami,
siririya, ba ta gama koyon kukan ba.
Ina neman inda take,
ya tashi da na tara.